Tabar Siga Mai Tsada: Abin da Kotun Amurka Ta Yanke, da Abin da Ke Cikin Ganyen

Idan kana da ɗa ko ƙane ko maigida da ya fara zama a wuraren shaƙatawar nan na Abuja da Legas inda ake kunna zungureriyar taba mai ruwan ƙasa, wataƙila ka taɓa jin yana kare kansa da cewa ai wannan ba sigari ba ce, kuma har kotu a Amurka ta wanke ta. Tabar siga ke nan: naɗin ganyen taba zalla mai kaurin babban yatsa, babu takarda, babu audugar tace hayaƙi, wadda aka saba gani a bakin attajirai a fina-finai da bidiyon mawaƙa. Maganar kotun gaskiya ce, an yi shari'ar kuma masu sana'ar sun yi nasara. Sai dai ya kamata ka san a kan me suka yi nasarar kafin ka yarda da abin da ake ɗorawa a kanta.

A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta faɗaɗa ikonta ya game duk kayan taba, har da siga. Ƙungiyoyin masu yin ta da masu sayar da ita suka garzaya kotu. A watan Yulin 2022 alƙali Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington ya ce hukumar ba ta bi hanyar da ta dace ba, sannan a watan Agustan 2023 ya soke dokar a kan siga mai tsada ta naɗin hannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa a watan Janairun 2025.

Dalilin alƙalin shi ne, lokacin da hukumar ta nemi jin ra'ayin jama'a an miƙa mata bayanai da ke nuna cewa masu shan irin wannan tabar ba sa yawan shan ta kamar yadda ake shan sigari, amma da ta tashi rubuta dokarta sai ta yi kamar ba a kawo mata komai ba. A tsarin shari'ar Amurka, hukuma ba ta da ikon kawar da kai daga hujjar da aka ajiye mata a gaba. Laifin da aka kama FDA da shi ke nan. Babu inda kotu ta auna hayaƙin ko ta ce ba ya cutarwa, domin ba wannan aka kai gabanta ba.

Tabar da hukuncin ya shafa ma an yi mata iyaka. Dole ta zama naɗin hannu, mayafinta na waje ganyen taba ne sukutum, aƙalla rabin cikinta dogayen ganyaye ne da ba a daddatsa ba, babu matacin hayaƙi, babu wani ɗanɗano da aka ƙara mata, babu komai a ciki sai taba da ruwa da ɗan ƙaro na liƙi. Ƙananan siga masu ƙamshin inabi ko cakulan da ake yi da inji ba sa ciki. Wannan jerin sharuɗɗan shi ne kuma abin da 'yan kasuwar ke taƙama da shi: ganye ne da ruwa kawai.

Kasuwar na haɓaka. Habanos, kamfanin da ke sayar da duk sigar ƙasar Kyuba a duniya, ya sanar da cinikin dala miliyan 721 a 2023 da dala miliyan 827 a 2024, kuma China ce ta fi kowa saye. Amurka, wadda takunkumin 1962 ya hana ta sayen ta Kyuba, tana shigo da fiye da guda miliyan 400 na naɗin hannu a shekara tun daga 2021, fiye da rabinsu daga Nikaragua. A bikin da ake yi a Havana, akan yi gwanjon akwatunan ajiye siga a kan miliyoyin yuro, kuɗin kuma a zuba su a asusun kiwon lafiyar ƙasar. Wannan abu ne da likita ba zai ji ba tare da ya girgiza kai ba.

Labarin ƙaramar guduma

Ba za ka gane dalilin da ya sa mutum mai hankali da ilimi ke biyan kuɗin da ya fi na buhun shinkafa a kan ƙaramin akwatin taba ba sai ka ji irin labarin da ake sayar masa tare da ita. Ɗauki gidan Padrón, ɗaya daga cikin kamfanonin gida da mashaya siga ke girmamawa.

An haifi José Orlando Padrón a 1926 a Kyuba, danginsa manoman taba ne a lardin Pinar del Río, yankin da ake ɗauka a matsayin mafi kyawun ƙasar noman taba a duniya. Bayan juyin juya halin Fidel Castro gwamnati ta karɓe gonaki, shi kuma ya bar ƙasar a 1961, ya ƙare a Miami ba shi da komai. Wani aboki ya ba shi ƙaramar guduma, ya riƙa aikin kafinta da ita har ya tara dala 600, ya buɗe ɗan shagon naɗa siga a 1964 da ma'aikaci guda. Har yau gudumar ce tambarin gidan. Daga baya ya koma sayen ganye a Nikaragua, ya kafa masana'anta a garin Estelí a 1970. An ƙone ta a rikicin 1978. An dasa masa bama-bamai a Miami bayan an ga hotonsa yana miƙa wa Castro siga a wata tafiya da ya yi don neman sakin fursunonin siyasa. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Nikaragua takunkumi a 1985 sai aikin ya koma Honduras na wasu shekaru. Ya rasu a 2017, 'ya'yansa da jikokinsa na ci gaba da sana'ar.

Labari ne mai taɓa zuciya, kuma gaskiya ne. Duk wanda ya san darajar sana'ar gado, irin ta marinan Ƙofar Mata ko maƙeran garinku, zai ji wani abu. Abin lura a gare ka shi ne yadda ake amfani da shi. Sunayen kayan gidan ma tarihi ne: akwai jerin 1964 da aka fitar a 1994 don cikar kamfanin shekara 30, akwai jerin 1926 don tunawa da shekarar haihuwar mai gidan. Wanda ya kunna ɗaya daga ciki ba ya jin kansa a matsayin mashayin taba. Yana jin ya shiga sahun masana, masu sanin ƙasa da ganye da shekarar girbi. Mujallar Cigar Aficionado da ta fara fita a 1992 ta gina wannan tunanin da kyau, da hotunan taurari a bango da makin da take ba kowace siga kamar jarrabawa, kuma shekarun da suka biyo baya ne shan siga ya yi tashin gwauron zabo a Amurka bayan ya daɗe yana ja da baya.

A ɗakin duba marasa lafiya illar wannan tunanin takan bayyana a amsa ɗaya. A tambayi mutum ko yana shan taba, ya ce a'a da zuciya ɗaya, alhali yana kunna siga sau uku a mako.

Yadda ake haɗa ta

Siga kashi uku ce. Akwai cikin, wato dunƙulen ganyayen da ke tsakiya. Akwai ganyen ɗauri da ke riƙe su. Akwai mayafin waje, ganye mafi kyau da tsada, mai santsi da sheƙi, wanda ido ke fara gani. Wasu fitattun mayafan ma daga maƙwabtanmu suke fitowa: ganyen gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya ya yi suna a wannan kasuwar shekaru da yawa.

Gwanintar mai haɗi tana wajen zaɓen ganyen cikin. Ganyen ƙasan shuka, da ake kira volado da Sifaniyanci, ba shi da ƙarfi amma yana ci da wuta sosai. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na can sama, ligero, wanda ya fi shan rana kuma ya fi daɗewa a jikin shukar, shi ne mai kauri da maiƙo da ƙarfi. Ana kuma gauraya na wurare daban-daban: a Nikaragua ganyen Estelí mai baƙar ƙasa an san shi da yaji da ƙarfi, na kwarin Jalapa da laushi da ɗan zaƙi. Daga nan ne masu ɗanɗano ke fito da kalmominsu, su ce wannan tana da koko da gahawa, waccan tana da barkono da itacen sida da fata da ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama.

Kafin a kai ga naɗi, ganyen na bin hanya mai tsawo. Ana rataye shi a rumfuna ya bushe a iska na makonni har ya koma ruwan ƙasa. Sai a yayyafa masa ruwa a jibge shi tuli guda mai nauyin gaske, a rufe. Tulin ya ɗau zafi da kansa daga ciki, a riƙa auna zafin, a warware a sake jibgewa, wata da watanni. Idan ka taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta kwana biyu ko uku har ta yi zafi ta canza wari ta zama daddawa, to ka gane aikin: ƙananan halittu da sinadaran cikin ganyen ne ke sarrafa shi. Wannan tsimawar ce ke fitar da ɗaci da warin amoniya, ta sa hayaƙin ya yi laushi. Mayafin nan baƙi mai zaƙi-zaƙi da ake kira maduro ya fi daɗewa a tulin, da zafi mafi yawa. Bayan haka a ajiye ganyen ya tsufa. Gidan Padrón na cewa na jerin 1964 yana yin shekara huɗu, na 1926 kuma aƙalla biyar.

Aiki ne na haƙuri da ƙwarewa, babu mai musun haka. Amma bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya da idon likita ka ga abin da kowanne ke haifarwa.

Ligero, ganyen da ake yabo da "ƙarfi", shi ne mafi yawan nikotin a shukar. Idan mashayi ya ce wata siga ta bugar da shi har ya ji jiri da gumi da tashin zuciya, nikotin ne ya yi masa yawa a jini, kuma a daidai lokacin bugun zuciyarsa da hawan jininsa sun tashi.

Busarwa a iska da tsimawa su ne matakan da ke samar da dangin sinadaran da ake kira nitrosamin na taba. Ganyen siga yana da sinadarin naitiret da yawa. Ƙananan halittun da ke aiki a kansa suna juya shi zuwa naitirait, shi kuma ya haɗu da nikotin da 'yan'uwansa ya zama NNN da NNK. Waɗannan biyun, cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa su a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Cibiyar kansa ta Amurka ta daɗe da bayyana cewa hayaƙin siga ya fi na sigari yawan waɗannan sinadaran. Ba wani ne ya zuba su a masana'anta ba. A cikin ganyen suke tsirowa, ta hanyar aikin nan da ke kawo ɗanɗanon koko da gahawa. Don haka idan aka ce maka babu sinadarin da aka ƙara, an faɗi gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Mayafin ganye kuma bai kai takardar sigari huda-huda ba, iska ba ta ratsa shi sosai. Tabar tana ci a hankali, ƙonewar ba ta cika ba, sai hayaƙin ya fito da iskar kabon monoksaid da kwalta masu yawa. Ita wannan iskar tana kama jajayen ƙwayoyin jini ta hana su ɗaukar iskar oksijin, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki.

Sannan ga yawa. Karan sigari bai kai giram ɗaya na taba ba, kuma cikin minti goma an gama da shi. Babbar siga tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, wato guda ɗaya na iya kai kwalin sigari sukutum, ana kuma shan ta awa ɗaya zuwa biyu.

"Ai ba na haɗiye hayaƙin"

Wannan ce hujjar da za ka fi ji, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Yawancin waɗanda siga kaɗai suke sha suna riƙe hayaƙin a baki ne su fesar. Dalilin da ya sa hakan ke isar su yana da ban sha'awa, kuma kakanninmu sun san shi tun kafin a rubuta shi a littafi.

Nikotin ba ya ratsa fatar baki sai idan wurin da yake ciki yana da ɗabi'ar kanwa. Hayaƙin sigari yana da ɗan tsami, shi ya sa sai an zuƙe shi zuwa huhu kafin a ji shi. Hayaƙin siga, saboda irin ganyen da yadda aka sarrafa shi, ya karkata wajen kanwa, don haka nikotin ɗinsa na shiga jini kai tsaye ta leɓe da harshe da kumatu. Abin da ya sa tsofaffi ke haɗa garin taba da kanwa kafin su cusa a baki ke nan, kuma haka ake yin tumbak a Sudan, garin taba da kanwar da suke kira atrun, wanda bincike ya nuna yana cikin kayan tabar da suka fi yawan nitrosamin a duniya kuma ake dangantawa da kansar baki a can. Mai siga ta dala talatin da tsohon da ke da 'yar battar taba a aljihu hanya ɗaya nikotin ke bi a jikinsu. Jarabar ma iri ɗaya ce.

Wanda bai zuƙa ba ya rage wa huhunsa wani kaso na haɗarin. Amma awa guda leɓensa da harshensa da dasashinsa da maƙogwaronsa suna jiƙe cikin hayaƙin. Sinadaran suna narkewa a miyau, yana haɗiyewa, suna bin hanyar abinci. Shi ya sa cibiyar kansa ta Amurka, a babban rahotonta kan siga na 1998, ta nuna cewa masu shan ta a kai a kai suna da haɗarin kansar baki da ta hanyar abinci kwatankwacin na masu shan sigari. Kuma ko bai zuƙa da gangan ba, yana zaune cikin gajimaren hayaƙin da ya fesar, yana shaƙa ta hanci.

Akwai wanda abin ya fi shafa: mutumin da ya bar sigari ya koma siga yana ganin ya samu mafita. Irin wannan ya riga ya saba da zuƙa, kuma bincike ya nuna yakan ci gaba da yin hakan ko bai lura ba. Shi ya haɗa illolin biyu, hayaƙi mai yawan guba kuma har cikin huhu. Idan likita ya ce maka ka daina sigari saboda zuciya ko huhu, komawa siga ba bin umarnin ba ne.

Abin da bincike ya nuna

A 1999 mujallar likitoci ta New England ta wallafa binciken da aka yi a kan maza 17,774 a jihar Kalifoniya waɗanda ba su taɓa shan sigari ba, aka bibiye su fiye da shekara ashirin. Masu shan siga a cikinsu sun fi sauran haɗarin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kusan kashi 27 cikin ɗari, ciwon toshewar hanyoyin numfashi da kashi 45, sannan haɗarin kansar baki da maƙogwaro da ta huhu ya ninka kusan sau biyu. Wanda ya fi sha ya fi shiga haɗari. An kuma ga alamar cewa haɗa ta da giya yana ƙara tsananta kansar baki da maƙogwaro, abin damuwa ganin cewa tallar siga kusan kullum da kofin barasa a gefenta take zuwa.

A watan Maris na 2022 kwalejojin kimiyya da aikin likita na ƙasar Amurka suka fitar da rahoto a kan siga mai tsada kaɗai, bisa buƙatar FDA. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a ciki. Rahoton ya ce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na manyan Amurkawa ne ke shan ta, yawancinsu kuma jefi-jefi. Ya kuma ce gubar da ke cikin hayaƙinta irin ta sauran siga ce, tana iya jawo cututtukan nan, kuma abin da ke bambanta sakamakon shi ne yawan sha da zurfin zuƙa da tsawon shekarun da aka yi ana yi. Game da mai shan guda ɗaya a wata kuwa, ya ce binciken da aka yi a kansa bai isa a yanke hukunci ba.

Ya kamata a yi adalci a nan. Wanda ke kunna siga ɗaya a bikin aure sau biyu a shekara ba ya cikin haɗarin da mai shan kwalin sigari kullum yake ciki, kuma likitan da ya ce maka daidai suke ya zarce abin da hujja ta nuna. Amma saukin nan daga ƙarancin shan ya zo, ba daga tsadar tabar ko kyawun ganyenta ba. Tsada tana taimakawa ta hanya ɗaya tak: tana hana mutum yawan saye. Ga mai hali kuwa wannan birkin babu shi, kuma nikotin abu ne da ke mayar da na wata-wata ya zama na mako-mako, na mako ya zama na bayan kowane cin abincin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ware wani nau'in taba ko wani adadi da ta ce babu cutarwa a cikinsa ba.

Za a kawo maka misalin Winston Churchill, wanda ya yi ta shan siga har ya kai shekara 90. Haka ne. Akwai kuma Sigmund Freud, likita ne ma, wanda aka gano masa kansar ganɗa da muƙamuƙi a 1923, aka yi masa tiyata fiye da sau talatin, ya yi shekara 16 da ƙarfe a baki yana shan azaba kafin ya mutu a 1939, bai kuma iya daina sigar ba. Akwai Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, da kansar maƙogwaro ta kashe a 1885. Castro kansa, wanda saboda shi aka ƙirƙiro Cohiba a 1966, ya ajiye ta a 1985 lokacin da ƙasarsa ke yaƙi da shan taba. Tsawon ran mutum ɗaya ba ya gaya maka rabonka, kamar yadda direban da ya shekara talatin yana gudu ba ɗamara bai taɓa haɗari ba ba ya zama hujja.

Mutanen gida

Tunda siga tana daɗewa tana ci kuma tabar cikinta na da yawa, guda ɗaya tana cika falo da hayaƙin da ya fi na karan sigari nesa ba kusa ba, warin kuma ya kama labule da kujeru da kaya na kwanaki. Kunna na'urar sanyaya ɗaki a rufe tagogi ƙara tsare hayaƙin yake yi a ciki, turaren wuta kuma wari kawai yake rufewa. Idan akwai mai juna biyu a gidan, ko jariri, ko yaro mai asma ko sikila, ko tsoho mai ciwon zuciya, kada a kunna ta a cikin gida ko a mota ko da tagogi a buɗe suke. Uwargida, wannan haƙƙinki ne da na 'ya'yanki, kuma kina iya neman likitan iyali ya faɗa masa idan ke ba zai ji daga bakinki ba.

Hukuncin Washington ba shi da wani tasiri a kan dokar Najeriya. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 da ƙa'idojinta na 2019 sun shafi kayan taba gaba ɗaya: an hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, an hana talla, an taƙaita sha a wuraren taruwar jama'a. Aiwatarwa ce ke da rauni, musamman a kafofin sada zumunta, inda hoton mutum da siga a hannu a Instagram ya fi kowane allon talla aiki a zukatan samari. Akwai kuma jabu da yawa a kasuwa, musamman masu ɗauke da sunan Cohiba, waɗanda akan cusa musu tarkacen ganye da duk abin da aka share daga ƙasa. Wanda ya samu ta ainihi ya tsira daga zamba kawai, sinadaran da aka bayyana a sama suna cikin ta ainihin.

Idan kai ne mai sha, abu na farko shi ne ka faɗa wa likitanka, da adadin da kake sha a mako da ko kana zuƙa. Wannan na canza yadda zai lissafa haɗarin zuciyarka da irin gwajin da zai sa ka yi. Idan kana da hawan jini, ciwon suga, ko ka taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, babu adadin da za a ce maka ya dace. Idan an sa maka ranar tiyata, ka daina aƙalla mako huɗu kafin ranar, domin nikotin na matse ƙananan jijiyoyin jini ya hana ciwo warkewa da wuri, hayaƙin kuma na ƙara matsalar numfashi bayan allurar barci.

Ka riƙa duba bakinka a madubi da haske mai kyau, har ƙarƙashin harshe da gefensa, ka kuma ga likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara ka gaya masa kana shan siga. Gyambon baki ko na leɓe da ya wuce mako uku bai warke ba, farin tabo ko ja da ba ya gogewa, dishewar murya da ta haura mako uku, wahalar haɗiye abinci, ƙullutu a wuya, ko haƙori da ya fara girgiɗi ba dalili, kowanne daga ciki ya isa ya kai ka wurin likitan haƙori ko na kunne da hanci da maƙogwaro a cikin makon. Kansar baki a farkonta sau da yawa ba ta zafi, shi ya sa mutane ke ɓata watanni suna kurkure baki da ruwan gishiri ko shan maganin ƙwayoyin cuta daga kemis, alhali a wannan matakin ne ƙaramar tiyata ke iya cire ta gaba ɗaya.

Wanda yake son dainawa ya ji jikinsa na nema, da ƙunci da rashin barci da saurin fushi, to jarabar nikotin ce ta kama shi, kuma maganinta iri ɗaya ne da na mai sigari. Akwai cingam da filastar nikotin, akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa, kuma sun fi aiki idan an haɗa da ganin likita a kai a kai a watannin farko. Ka sa rana, ka fitar da akwatin da abin yankan daga gidan, ka kuma ɗan ƙaurace wa majalisar da ake kunna ta na wasu makonni.